Yadda Ake Binciken Fili Domin Neman Zinare da Dalma da Tagulla

A 'yan shekarun nan da wuya ka sami ɗan kasuwa mai ɗan abin hannunsa a cikin Hausawan Legas, ko ɗan canji ne, ko mai fataucin shanu a Oko-Oba, ko dillalin kayan gwari a Mile 12, wanda ba a taɓa kawo masa tallan filin ma'adinai ba. Galibi ɗan'uwa ne ko ɗan gari ɗaya yake zuwa da farin dutse a ƙulle cikin leda, da ɗigon rawaya yana ƙyalli a jikinsa, ya ajiye shi a gabanka ya ce, "Alhaji, wurin nan Allah ya ajiye arziki, eskabeta kawai ake jira da kuɗin mai." Ba dole ne mai wannan magana ya zama macuci ba, sau da yawa shi ma ya gaskata abin da yake faɗa har zuciyarsa. Sai dai dutse guda, ko da zinaren da ke jikinsa na gaske ne, ba zai gaya maka inda aka ɗauko shi ba, balle tsawon jijiyar da ya fito daga cikinta, ko zurfinta, ko giram nawa za a samu a kowane tan idan aka haɗa mai kyau da maras kyau aka niƙa. Amsa waɗannan tambayoyi shi ne aikin bincike, kuma daki-daki ake yin sa: a fara da aikin da ya fi araha, ba a hawa mataki mai tsada sai na ƙasa da shi ya ba da dalili. Wajibi ne tun kafin ka fitar da naira ɗaya ka shirya wa ranka cewa duk matakin da amsarsa ta zo da "babu", a nan za ka tsaya.

Irin ƙasar wurin

Tambayar farko ita ce ko duwatsun yankin irin waɗanda ke ɗaukar ƙarfen da ake magana ne, domin kowane ma'adini yana da mazauninsa. Legas kanta a kan yashi da laka da yumɓu take zaune, tsohon dutsen da ake samun zinare a cikinsa yana binne can ƙasa da nisa, shi ya sa filin da za a yi maka talla kusan kullum a wata jiha yake. Mafi yawan zinaren Najeriya yana ɓangaren yammacin ƙasar, a cikin zirin wasu tsofaffin duwatsu masu ɓarewa falle-falle da suka miƙe kusan daga arewa zuwa kudu. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ƙasa ta matse su ta lanƙwasa su, ruwa mai tsananin zafi ya bi ta tsagoginsu ya bar farin dutse da zinare a ciki, wannan shi ne abin da mahaƙa ke bi suna kira jijiya. An san irin wannan a Maru da Anka a Zamfara, da Tsohon Birnin Gwari da Kwaga a Kaduna, da Bin Yauri a Kebbi, da Gurmana a Neja, da kuma Iperindo kusa da Ilesha a jihar Osun, wanda shi ne mafi kusa da mu, inda 'yan'uwanmu da yawa ke aikin rami. Tun 1913 aka fara rubuta fitar zinare a ƙasar nan, aikin ya bunƙasa a shekarun 1930, yaƙin duniya na biyu ya karya shi, kuma ramukan wancan zamani suna nan a dazuzzuka suna nuna wa mai bincike inda na gaba suka taɓa gani.

Dalma da tutiya kuwa, wato ƙarfen batirin mota da wanda ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa, hanyarsu daban ce. Sun fi bin kwarin Binuwai, daga Ishiagu da Enyigba a Ebonyi, zuwa Arufu da Akwana a yankin Wukari, zuwa Zurak a ƙaramar hukumar Wase, har Gwana a Bauchi. Dutsen dalma ba baƙo ba ne a gidajenmu, shi ne baƙin dutsen nan mai nauyi da sheƙi da ake niƙawa a yi tozali, kuma sau da yawa yana tafe da azurfa a cikinsa. Tagulla kuma, jan ƙarfen wayar lantarki, tana tona asirin kanta da kore ko shuɗin tabo a jikin dutse, an kuma san da ita a Akiri ta jihar Nasarawa. Idan filin da aka kawo maka ya faɗa cikin ɗayan waɗannan yankuna, akwai dalilin ci gaba. Idan ya yi nisa da su, ba a ce ba zai yiwu ba, amma hujjar da za ka nema ta ƙaru.

Takarda kafin tafiya

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, tun kafin a taɓa ƙasa. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999, da dokar ma'adinai ta 2007, sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ma'ana, mai gona ba shi da ikon sayar maka da zinaren da ke ƙarƙashin gonarsa, haka nan dagaci ko hakimi, kuma takardar cinikin fili, kome yawan shaidun da suka sa hannu, ba lasisin ma'adinai ba ce. Ofishi ɗaya ne ke bayar da lasisi, ofishin rajistar filayen ma'adinai da ake kira MCO a Abuja, wanda tun 2022 ya mayar da aikinsa kan intanet ta manhajar eMC+, ta yadda daga shagonka a Agege za a iya duba taswirar a ga ko wurin yana da mai shi.

Saboda haka abin da za ka fara nema daga mai talla shi ne lambobin GPS na kusurwoyin filin da lambar lasisi, idan ya ce akwai. A sa lauya ya bincika a ofishin da kansa: sunan wa ke kan lasisin, wane iri ne, wane ma'adini aka rubuta, yaushe zai ƙare, an biya kuɗin shekara ko ba a biya ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin a watan Nuwamba na 2023 ma'aikatar ma'adinai ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara, a 2024 ta ƙara soke 924 da aka riƙe ba a aiki da su, kuma takardun da aka soke ba sa ɓacewa daga hannun masu su, suna iya ci gaba da yawo a kasuwa.

Lasisin iri-iri ne, kuma kowanne da iyakarsa. Akwai izinin zagayen farko na shekara ɗaya, wanda ke ba ka damar yawo da ɗaukar samfur a sarari amma bai ba ka damar haƙa ko huda ƙasa ba, bai kuma hana wani shiga wurin ba. Akwai lasisin bincike, wanda shi ne ainihin abin da kake bukata: shekara 3 ne, ana sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu, jimla shekara 7, kuma fili ba ya wuce murabba'in kilomita 200. Wannan lasisi na nema ne kawai, ba ya halatta a haƙa a sayar. Haƙa domin sayarwa sai da lasisin ƙaramar mahaƙa, na shekara 5 a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, ko na babbar mahaƙa, na shekara 25 a kan filin da bai wuce murabba'in kilomita 50 ba. Idan wurin ba shi da mai shi, wanda ya riga nema shi ake ba, don haka kada a yi ta shelar lambobin filin kafin a shigar da takarda. Za a bukaci kamfani mai rajista da hukumar CAC, da tsarin aikin da za a yi, da shaidar kuɗi daga banki, da ƙwararre mai rajista da COMEG, majalisar injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu, da takardar amincewar masu ƙasa. Idan kuwa lasisin wani za ka saya ko ka shiga, ciniki bai faɗa ba sai ofishin ya amince ya rubuta canjin a rajistarsa, kuma shawarata ita ce a riƙe kaso mafi tsoka na kuɗin har ranar da hakan ya tabbata. Doka ta kuma keɓe wurare da ba a taɓawa, kamar gari da kasuwa da maƙabarta da wuraren ibada na gargajiya da filin soja, da duk abin da ke cikin mita 50 na layin dogo ko bututun mai.

Masani, taswira da mutanen gari

Ɗauki masanin duwatsu naka na kanka, wanda kai kake biyansa, ba wanda mai talla ya kawo ba, kuma ka biya shi ladan aiki, kada ka ba shi kaso a cikin cinikin, domin wanda ribarsa ke rataye da a ce "akwai" ba zai ji daɗin ce maka "babu" ba. Aikinsa na farko a kan tebur ne. Hukumar binciken ƙasa ta NGSA, wadda asalinta ya koma 1919, tana da taswirar duwatsu da tsofaffin rahotanni, tana kuma da bayanan awon da aka yi da jirgin sama tsakanin 2003 da 2010, wanda ya auna ƙarfin maganaɗisun duwatsu a faɗin ƙasar. Daga waɗannan, haɗe da hotunan tauraron ɗan'adam, masani yana iya ganin manyan tsagogin ƙasa da inda duwatsu iri biyu suka haɗu, ya zana maka wurare uku ko huɗu da suka cancanci a taka da ƙafa. Kuɗin wannan aiki bai kai na hayar eskabeta na 'yan kwanaki ba.

Kafin kowa ya ɗaga guduma, a je a gaida masu gari, kuma zuwa da kai ya fi aike. A arewa a fara da hakimi da dagaci, a ce "ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu," a nuna takarda. A ƙasar Yarabawa a fara da fadar Kabiyesi da Baale, a nemi Sarkin Hausawan garin ya yi rakiya, sannan a gano dangin da ke da ƙasar, domin a can sau da yawa ƙasa ta dangi ce, ba ta mutum ɗaya ba. A faɗi gaskiya cewa nema ake yi, ba a samu ba tukuna, a yi alkawarin diyyar duk amfanin gonar da aka taɓa, a ɗauki 'yan garin aiki. Mahaƙan gargajiya da ka tarar a wurin kada ka ɗauke su abokan gaba. Sun san wane rami ya ba da kaya, a wane zurfi ruwa ya kore su, kuma wannan ilimi ba ya cikin kowace taswira. A bincika lafiyar hanya da ta daji sosai. Gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga 2019 har zuwa Disamba 2024 saboda ta'addanci, kuma babu ma'adinin da ya kai ran ma'aikaci.

Tafiyar ƙafa da ɗaukar samfur

Lokacin wannan aiki rani ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, rafuka suka janye, duwatsu suka fito fili. Masani zai bi filin layi-layi yana rubuta irin dutse, da inda ya karkata, da kowace jijiyar farin dutse da faɗinta, da kowane tsohon rami, duk da lambar GPS. Zai sa ido a kan dutse mai tsatsa mai ƙananan ramuka, domin alama ce ta cewa a da akwai ma'adinai masu ɗauke da farar wuta da ruwan sama ya cinye, kuma irin waɗannan su ne abokan zaman zinare da dalma da tagulla.

Hanya mafi araha ta tace babban fili ita ce a tambayi rafuka, tun da duk abin da ke kan tudu ruwa yana wanko shi. A kowace ƙorama, a ɗan sama da mahaɗarta da wata, ana ɗibar laka mai laushi a tankaɗe a ƙulle domin gwaji, sannan a yi wanki a nan take. Ana cika kwano da yashin da ya maƙale a gindin dutse ko a cikin lanƙwasar rafi, a nutsa shi cikin ruwa, a murtsuke lakar da hannu har ruwan ya daina yin kauri, a tsince tsakuwa a yar, sannan a riƙa girgiza kwanon ana karkata bakinsa ruwa yana kwashe na sama. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, farin dutse kuwa bai kai sau 3 ba, don haka a ƙarshe baƙin yashi cokali ɗaya ne zai rage, idan aka juya shi a hankali sai ƙwayoyin rawaya su fito a wutsiyarsa. A gwada su da bakin allura: zinare yana lotsawa ya baje, mai kama da shi kuwa yana farfashewa ya zama baƙin gari, ko ya ɓare ya yi ta yawo a ruwa. A dubi siffar ƙwayar da gilashin ƙara girma, domin mai kaifi-kaifi ba ta yi nisa da uwarta ba, wadda ta goge ta yi sumul kuwa ta sha tafiya. Ana bin ƙoramar da ta nuna ana hawa har inda ƙwayoyin suka ɗauke. Gangaren da ke tsakanin wuri na ƙarshe da ya nuna da na farko da bai nuna ba, nan ne za a mayar da hankali.

A wannan gangare ake shimfiɗa layukan gwajin ƙasa, a gicciye da yadda duwatsu suka miƙe. Misali, a bar mita 200 tsakanin layi da layi, a kan kowane layi a ɗebi ƙasa duk bayan mita 50, daga zurfin kamu biyu ko sama da haka, a ƙarƙashin baƙar ƙasar noma. Inda marmara ta rufe ƙasa, ko inda ruwa ya kwaso ƙasar daga wani wuri ya jibge, samfurin sama yana ruɗarwa, sai a yi amfani da ƙaramin injin murɗa ƙasa a kai ga ruɓaɓɓen dutsen asali. Suri ma yana taimakawa, domin gara tana fito da ƙasa daga zurfi, kuma an daɗe ana gwada ƙasar suri a binciken zinare a Afirka ta Yamma. Abin da ake nema ba lamba ɗaya mai girma ba ce, a'a, jerin samfura ne masu ɗan tashi da suka haɗu suka yi ziri a kan layuka uku ko huɗu a jere, musamman idan asanik, wani sinadari mai guba wanda ke yawan rakiyar zinare, shi ma ya tashi a wurin.

Ɗakin gwaji, da tsare samfur daga hannun mutane

Duk abin da za ka yanke hukunci a kansa daga nan har ƙarshe lambobi ne da ɗakin gwaji zai aiko, don haka a nan nake son mai karatu ya fi natsuwa. Zinare ana auna shi da giram a cikin tan, kuma dutse mai giram 3 a tan, wanda kamfani zai yi murna da shi, ido ba ya ganin komai a jikinsa. Tabbataccen gwajinsa shi ne na wuta: a niƙe samfur ya zama gari, a ɗebi giram 30 ko 50, a narka shi da sinadarai a zafin da ya haura digiri 1,000, a ware zinaren a auna. Na'urar nan ta hannu mai kama da bindiga, wadda ake ɗora wa dutse ta nuna lamba, tana da amfani ƙwarai wajen dalma da tutiya da tagulla, waɗanda ake aunawa da kashi cikin ɗari, amma ba abin dogaro ba ce a kan zinaren da ke cikin ɗanyen dutse. Duk wanda ya nuna maka hoton fuskarta a waya a matsayin hujjar zinare, ka nemi sakamakon gwajin wuta. Haka nan na'urar nan mai ƙara da ake yawo da ita a daji, dunƙulen da ke kusa da sama kawai take ji, ba ta san abin da ke mita 50 a ƙasa ba.

Ɗakin gwajin shi ma sai an gwada shi. A cikin kowane samfur 20, a saka guda wanda aka saye shi da sanannen adadin zinare, da guda wanda aka tabbatar babu komai a cikinsa, da guda wanda aka raba biyu aka ba shi lamba daban, ba tare da an gaya musu ba. Idan wanda babu komai ya dawo da zinare, injin niƙansu bai wanku ba. Idan tagwayen suka dawo da lambobi masu nisa da juna, ko dai aikinsu ne, ko kuma zinaren wurin manyan ƙwayoyi ne da ba sa rabuwa daidai, sai a nemi gwaji da samfur mafi girma. Hukumar NGSA tana da ɗakin gwaji a Kaduna, kuma daga Legas ana aika samfur zuwa ɗakunan gwaji na Ghana ko Afirka ta Kudu, sai dai fitar da samfur waje yana bukatar izinin ma'aikatar ma'adinai. Yana da kyau a riƙa kai wani kaso wuri na biyu domin a kwatanta.

Babban haɗari shi ne a barbaɗa garin zinare a cikin samfur. Ba ƙananan mutane kaɗai ake yi wa haka ba: a 1997 aka gano cewa samfuran kamfanin Bre-X na Kanada daga Busang ta ƙasar Indunusiya barbaɗe aka yi musu, masu hannun jari suka yi asarar biliyoyin daloli, kuma bayan wannan ne Kanada ta tsaurara dokar bayar da rahoton ma'adinai. Maganin abin shi ne mutanenka su ɗebi samfur da hannunsu a wurin da masaninka ya zaɓa, a rufe jaka a liƙe da lamba a nan take, a rubuta duk wanda ta bi ta hannunsa, kada ta kwana a ɗakin mai talla ko a motarsa, kuma mai ɗiba ya cire zoben gwal kafin ya fara.

Awo da gwalalo

Idan ƙasa ta nuna ziri, ana iya bin sa da na'urorin awo. Ta maganaɗisu tana nuna tsagogi. Wadda ake tura lantarki cikin ƙasa tana gano duwatsu masu farar wuta a ɓoye, kuma ta fi yin tasiri a kan dalma da tagulla, domin dutsen tutiya ba ya ɗaukar lantarki sosai. Babu ɗayansu da ke ganin zinare kai tsaye, mazauninsa kawai suke nunawa.

Sai a yanka gwalalo a gicciye da zirin, faɗin mita ɗaya, a sauka har a taɓa dutse. A wanke bangon, a zana abin da aka gani, sannan a sassaƙo samfur a miƙe, mita-mita, da faɗi da zurfi iri ɗaya, har da dutsen da ke gefe da gefen jijiyar. Kada a tsinci mai kyau a bar maras kyau, domin injin niƙa ba zai tsinta ba. Gwalalon da ya wuce tsayin mutum a yi masa matakala ko tokari, yashi mai ruftawa ya ci rayuka da yawa.

Huda ƙasa

Wannan shi ne mataki mafi tsada, mita-mita ake biyan sa, kuma shi kaɗai ke faɗin abin da ke can ƙasa. Ɗan kasuwar da ke sayen wake a Mile 12 ba ya yarda da na bakin buhu, sai ya soka ƙarfe a tsakiya da gindi ya ga abin da zai zubo. Huda ƙasa ke nan. Injin rijiyar burtsatse bai dace ba, domin yana cakuɗa na sama da na ƙasa. Akwai injin da ke farfasa dutse ya turo tsakuwarsa ta cikin bututu da iska, a tara ta kowace mita daban, a raba a ɗebi kilo 2 zuwa 3; ya fi sauri da araha. Akwai kuma mai baki da lu'ulu'u, wanda ke yanko dutsen ya fito da shi mulmulalle kamar yadda yake a ƙasa, kaurinsa milimita 47.6 ko 63.5. Ana jera shi a akwati bi da bi, a rubuta zurfi a kan 'yan katakai, a jiƙa shi da ruwa domin launinsa ya fito, a ɗauki hoto, masani ya bi shi taƙi-taƙi yana rubuta inda ruɓaɓɓen dutse ya ƙare, inda farin dutse ya fara, inda ƙwayoyin farar wuta suka yi yawa. Sannan a tsaga shi biyu da zarto a tsaye, rabi ya tafi gwaji, rabi ya zauna a ma'aji a kulle.

Ba a huda a miƙe tsaye idan jijiyar ita ma a tsaye take, ana karkata injin kamar digiri 50 zuwa 60 domin ya ratsa ta. Nan akwai abin lura: idan rami ya ratsa jijiya a karkace ƙwarai, tsawon da zai nuna ya fi ainihin faɗinta. Ramin da ya haɗu da jijiya a kusurwar digiri 30 ya nuna mita 6, ainihin faɗin mita 3 ne, don haka a kullum ka tambayi faɗin gaskiya. A fara da 'yan ramuka kaɗan a ƙarƙashin gwalalon da ya fi kyau. Idan sun sami abin da aka gani a sama, a faɗaɗa da tazarar mita 80 ko 100, daga baya a cike tsakani. Idan ba su samu ba, kuma masani ba shi da ƙwaƙƙwaran bayanin dalili, a tsaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lissafi da yanke shawara

Lissafin a kansa ba shi da wuya. A ce ramuka sun nuna jijiya mai tsawon mita 500, zurfin mita 100, faɗin mita 2. Idan aka ninka ukun, an sami dunƙule 100,000 masu mita ɗaya ta kowane gefe, kowane ɗaya yana da nauyin kusan tan 2.7, jimla tan 270,000. Idan matsakaicin sakamako giram 3 ne a tan, akwai kilo 810 na zinare a ƙasa, wato kimanin oza 26,000, tun da oza ɗaya giram 31.1 ce. Amma wannan ba shi ne abin da zai shigo aljihu ba. Sai an kai dutsen gwajin sarrafawa an ga kashi nawa ke fita, domin zinaren da ke ruɓaɓɓen dutsen sama yana fita da sauƙi, wanda ke kulle cikin ƙwayoyin farar wuta kuwa yana iya ƙin fita sai da injuna masu tsadar gaske. Sai an cire kuɗin kwashe dutsen banza da ke rufe da shi, da na man dizal, da ruwa, da hanya, da harajin gwamnati. A ɓangaren dalma da tutiya, mai saye yana biya ne gwargwadon kashin ƙarfen da ke cikin kaya, zai sake gwada shi kafin a loda kwantena a Apapa, yana rage kuɗi idan akwai datti irin su asanik, kuma kuɗin tirela daga daji zuwa tashar jirgin ruwa shi kaɗai yana iya cinye ribar kaya mai rauni.

Ya kamata a san tsawon lokacin da abin ke ɗauka. Jijiyar Segilola da ke Iperindo an san da ita tun shekarun 1940, hukumar haƙar ma'adinai ta gwamnati ta huda ta a shekarun 1980, wasu kamfanoni suka biyo baya, kamfanin Thor Explorations ya karɓe ta a 2016, amma ba a zuba zinaren farko ba sai a watan Yuli na 2021, alhali dutsenta yana da kusan giram 4 a tan. Mafi yawan filayen da ake bincike ba sa zama mahaƙa, shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya sa jarin kasuwancinsa ko kuɗin amana a wannan harka, kuma duk haɗin gwiwa, ko da ɗan uwa ɗaya uba ɗaya ne, a rubuta shi a gaban lauya, a fayyace wa zai biya kuɗin wane mataki da abin da zai faru idan aka tsaya.

Akwai kuma haƙƙin rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Yargalma, saboda ana kai dutsen zinare mai dalma cikin gida ana daka, kuma a 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Tun a matakin bincike a sa a auna dalma a cikin kowane samfurin zinare, a sanar da mutanen gari idan ta yi yawa, kada a daka ko a ajiye dutse a inda yara ke wasa, ma'aikata su wanke jiki su canza tufafi kafin su shiga gida, kuma a nisanci ƙona zaiba, wadda ake kama zinare da ita, domin hayaƙinta guba ne.

Daga nan hanya uku ce. Idan sakamako bai gamsar ba, a cike gwalalo, a toshe ramuka, a biya diyya, a mayar wa ofishin filin domin kuɗin shekara ya daina hawa. Idan jijiyar ƙarama ce amma mai kyau, a nemi lasisin ƙaramar mahaƙa a kan wannan yanki kaɗai, a yi takardun kare muhalli da yarjejeniyar raya al'umma da doka ta tanada. Idan kuwa alamu sun nuna abin ya fi ƙarfin aljihunka, a nemi abokin tarayya, kuma abin da zai tambaya shi ne lasisi mai rai, da taswirar ramuka da lambobinsu, da takardun ɗakin gwaji na asali, da rabin dutsen da aka ajiye domin ya sake gwadawa da kansa, da rahoton ƙwararre bisa ɗaya daga ƙa'idojin da bankuna suka sani, kamar JORC ta Ostireliya ko NI 43-101 ta Kanada. Waɗannan takardu su ne kuma za a haɗa a rahoton aikin da ake miƙa wa hukuma, kuma a shigar da neman sabunta lasisi tun da sauran watanni kafin shekara ukun farko su cika.